Kira Uku Kafin Ƙugiya

Kailu mai jinka ne, kuma duk Filinge ba wanda ya taɓa cewa aikinsa ya yi yoyo. In ya ɗaure maka tsaiko ya shimfiɗa shuci, sai ka yi damina biyar ba ka tara ƙwarya a tsakar ɗaki ba. Amma ba da wannan ya yi suna ba. Da ƙugiya aka san shi, wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje da ya sa maƙera suka ƙera masa, ya ɗaure shi a kan gora mai tsawon gaba biyu da rabi. Da ita yake tuge jinkar mutane ranar gobara, sau da yawa ma jinkar da shi ya ɗora da hannunsa. Masu baki suna cewa rusawa yake da hagu don ya gina da dama. Ni dai na ce duk wanda bai taɓa ganin wuta ta shiga unguwar kara da bazara ba, bakinsa ne, ya faɗi abin da ya ga dama.

A ƙauyensu, can kan hanyar Bonkuku, ya koyi abin. Yana saurayi wuta ta kama ɗakin wata mata, gari duka ya ruga da tuluna ana kwara wa ɗakin nan ruwa, ita kuwa wutar ta tsallake kawunansu ta kama bayansu. Ta ci ɗaki arba'in, ta ci rumbuna, ta ci ubansa da ya koma ɗauko irin gero. Washegari Kailu ya zaga cikin toka, ya ga inda wutar ta tsaya. Ba ruwa ne ya tsayar da ita ba, wani kufai ne da ba shi da rufi, ta zo ta rasa abin ci. Daga ranar ya kafa wa kansa doka: gidan da ke ci ya riga ya tafi, na biyu ma rabon wuta ne, na uku shi ake kwantarwa ƙasa tun ba ta iso ba. Kuma ba a tambayar mai gida.

To, wa zai tsaya yana kallo a tuge masa rufin da ko hayaƙi bai taɓa ba? Shi ya sa jikin Kailu duk tabo ne, kuma kaɗan ne a ciki na wuta. Wani mahauci ya zubar masa da haƙora biyu da ƙotar gatari. Wata mata ta fasa masa tukunyar miya a ƙeya. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, ya taɓa karya hannun wani falke da ya rungume gorar ya ƙi saki. In wuta ta mutu, mutanen gida na huɗu da na biyar sai su yi wa Allah godiya, su wuce Kailu yana tofar da jini ko sannu babu. Abin yana ci masa rai, don mutum ne, amma bai taɓa fasawa ba.

Mutum ɗaya yake tsoro a duniya, surukarsa Delu, uwar matarsa Dijatu. Shekara goma sha tara da auren, ba su taɓa haɗa ido ba. In ya hango ta a hanyar rijiya, sai ya tuɓe takalmi ya faɗa cikin sabara kamar wanda ake nema. Ita kuma ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa magana yana wurin ba. In ta kama dole sai ta ce wa 'yarta, "Ki hwaɗa ma mai jinka." A gidan ɗanta Tahiru take zaune, unguwa ɗaya da su, kuma ko jinkar ɗakinta ba ta yarda surukinta ya taɓa ba, wani can ake kira ya yi mata aikin banza. Mutanen Kurfai, ƙasar da Filinge take, suna yaba irin wannan kunya, har misali ake yi da su biyun.

Bayan babban yaƙin Turawa sai wani mai suna Magagi ya dawo daga soja, da lambar ƙarfe a ƙirji da usur a wuya. Ya zauna a Dakar ya ga masu kashe gobara na can, waɗanda yake kira pampiye, kuma tun daga nan duniya ba ta huta ba. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya ɗora shi a kan sha'anin gobarar gari, ya ba shi bokiti goma sha biyu da tano huɗu, wato gangunan ƙarfe da za a riƙa cikawa da ruwa a ajiye a bakin unguwa. Bayan shi da Kailu, na ukunsu shi ne Hamidu, Bazabarme daga Damana, ma'aikacin ƙaramar asibitin gari, wanda kowa ke kira lokotoro, wato likita, ko da yake bai kai ba. Shi ake kai wa duk wanda wuta ta lasa. A gindin gawon da ke ƙofar asibitin suke haɗuwa da la'asar, kuma ba su taɓa tashi da baki ɗaya ba.

"Wuta da ruwa aka kashe ta, ba da ƙarhe ba," in ji Magagi. "Ni na gani da idona. Mutane cikin layi, bokiti na tahiya hannu da hannu, ko tsinke ba a karyawa."

"Can teku na bayan ɗakinsu," in ji Kailu. "Nan rijiyarmu gaba goma sha biyu ta, guga guda. Kahin ka cika tanonka, unguwa ta koma toka."

"Ku duka zancen ɗakuna kuka yi," in ji Hamidu. "Ni ba a taɓa kawo mini ɗaki bisa tabarma ba, mutane aka kawo mini. Kahin ruwa, kahin ƙarhe, a san wa ac ciki."

Kowa da gaskiyarsa, kuma ba mai jin ta ɗan'uwansa. Wata rana gardama ta yi zafi, Magagi ya ce da a ce uban Kailu ya samu layin bokiti da bai zama gawayi ba. Bai rufe baki ba Kailu ya kai masa karo da ka a hanci, ka ji ƙas. Magagi ya zare ɗamarar soja ya zabga masa ƙarfenta a gira, fata ta rabe har ƙashi. Suka yi ta birgima cikin ƙayar gawo, wannan ya shaƙe wancan, wancan ya ciji kunnen wannan, sai da maza shida suka ɓamɓare su. Hamidu ya ɗinke su duka da allura ɗaya, yana ja da gangan, yana cewa, "Kala suru," wato sai haƙuri.

Maganar ta kai bariki. Kumandan ya gaji da su, ya yanke: ruwa a gidan farko, ƙugiya a gida na uku. Amma Hamidu ya matsa aka ƙara sharaɗi, cewa kafin ƙugiya ta taɓa kowane ɗaki sai Kailu ya tsaya a ƙofa ya yi kira sau uku. In ya ja ba tare da kira ba wani ya ji rauni, to kaso ne wurin kwanansa, ƙugiyar kuma a mayar wa maƙera su narkar da ita. Kailu ya yarda, don a ganinsa kira uku ba ya cin lokaci. Magagi kuwa ya sa ido yana jiran ranar.

Ranar ta zo da bazara ta gaba, ranar kasuwa, rana tsaka, unguwa ba kowa sai tsofaffi da masu jego. Wata mata tana soya man shanu, guguwa ta bi ta kan murhunta ta kwashi garwashi ta watsa a danga. Kafin ganga da usur su tara mutane daga kasuwa, gida biyu sun kama. Mutanen Magagi suka buɗe tano, suka tarar rabi ya ƙafe, sauran kuma mata sun daɗe suna ɗiba a ɓoye. Suka ja layi har rijiya, guga ɗaya yana sauka yana hawa, bokiti yana isowa da ɗan abin da bai fi na alwala ba.

Wutar tana ruri, iska tana kora ta yamma. Awakin da ke ɗaure a turke suna ta tsalle suna shaƙe kansu da igiya har gashinsu ya kama. Wani rumbu ya fashe, gero ya zubo jajir. Kaji suka tashi da wuta a fuka-fukai, suna sauka kan jinkar maƙwabta suna kunna ta. Kailu ya iso a guje da gorarsa, ya ƙirga da ido, ɗaya, biyu, uku. Na ukun gidan Tahiru ne. Amma doka doka ce.

Ya fara da danga. Ya sassare ta da adda ya tattake, har da wani jiƙaƙƙen baƙin zane da aka shanya a kanta, ya bi ta kansa bai ko duba ba. Ya yi kira a ɗakin Tahiru, shiru, ya maƙala ƙugiya a ƙoƙuwar jinka ya fizge ta ƙasa. Ya yi haka a ɗakin matar Tahiru. Saura ɗaya a kusurwa, na Delu, asabari a sake, ɗakin da shekara goma sha tara bai taɓa tsayawa a ƙofarsa ba. Hayaƙi ya riga ya fara fita daga saman jinkar.

"Akwai mutum ciki?"

Shiru.

"Akwai mutum ciki?"

Ya kasa kunne, ba ya jin komai sai rurin wuta a bayansa. Ya yi na uku da iyakar muryarsa, har maƙogwaronsa ya yi zafi. Ba amsa. Ya ce a ransa ta bi Dijatu kasuwa da daddawarta, kamar yadda ta saba. Ya maƙala ƙugiya ya ja.

Jinka mai kyau zamewa take ta faɗo waje. Wannan kuwa aikin banza ce, gara ta cinye tsaikon, sai ta karye a tsakiya ta rufta ciki. Iska ta samu hanya, wuta ta tashi gaba ɗaya. A cikin wannan rurin ya ji wata siririyar murya tana salati.

Ya yar da gorar ya faɗa ɗakin. Da hannu ya riƙa kwashe shuci mai ci yana jifa, fatar tafinsa tana manne wa karan. Ya same ta a dunƙule bayan ƙofa, itace a kan ƙugunta, bayanta yana ci, ba komai a jikinta sai ɗan ƙyalle. Ya runtse ido, ya tuɓe rigarsa ya kashe wutar da ita, ya naɗe ta a ciki ya sungumo ta waje. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ko a hannunsa fuskarta a juye take, ba ta dube shi ba.

Yana ajiye ta Tahiru ya iso daga kasuwa. Ya ga uwarsa, ya ga ɗakin, ya ga ƙugiya a ƙasa. Ya ɗauki taɓarya ya narka wa Kailu a haƙarƙari, ya ƙara masa a kafaɗa, Kailu ya durƙusa. Sai muryar Magagi daga baya: "Bai kira ba. Ni ban ji kira ba." Ban ce ƙarya ya shirya ba, lokacin kiran yana can bakin rijiya, ko jaki ya yi kuka ba zai ji ba. Abin da yake so ya zama gaskiya ne ya faɗa. Mutanensa suka rufe Kailu da gindin bokiti da duga-dugai, waɗanda ya taɓa tuge wa rufi suka zo suka sauke tsohon haushinsu. Bai kare kansa ba, hannuwan ma ba su rufuwa. Sai da Hamidu ya kwanta a kansa yana zagi da Zabarmanci suka ja baya. A gidan Tahiru wutar ta tsaya, ta zo ta rasa abin ci, amma ranar ba wanda ya lura.

Aka kai Delu asibiti, aka kai Kailu kaso. Mata suka biyo da kashin shanu da tawada za su shafa mata, Hamidu ya watsar da su waje, ya wanke ƙunar da dafaffen ruwa ya rufe da farin ƙyalle. Da ya gama ya tafi kaso ya naɗe hannuwan Kailu.

"Ka kira?" ya tambaye shi.

"Sau ukku."

"To, don mi ba ta amsa ba? Kunnenta lahiya lau shike."

Kailu ya riga ya gane. Tun da aka rufe shi yake tuna jiƙaƙƙen zanen da ya tattake. Zanenta ne, ta wanke ta shanya, ta shiga ɗaki ta kwanta tana jiran ya bushe. Ta farka da kururuwa, gwiwa ba ta da sauri, tana lalubar abin rufa jiki sai ta ji muryar surukinta a ƙofa. Amsa masa ba ta iyawa, fitowa gabansa haka kuwa gara mutuwa. Ta laɓe tana jiran ya gusa. Ya san wannan sarai, kuma ya san in ya faɗa ya tsira, amma faɗar tonon asirin tsohuwar ne a gaban gari. Ya zaɓi kaso.

Rana ta huɗu da hantsi kumandan ya zo asibiti da tafinta don ya ji daga bakin mai rauni. Aka kawo Kailu da igiya a ƙugu, ido ɗaya a kumbure. Ɗakin ya cika: Magagi da usur ɗinsa, Tahiru, Hamidu, da Dijatu a zaune kusa da kan uwarta, wadda tun ranar gobarar ba ta aika wa mijinta ko ruwa ba. Delu tana kwance rub da ciki, fuska ga bango. Tafinta ya tambaye ta ko an yi kira kafin ɗaki ya faɗo. Ba ta motsa ba. Ya sake, shiru.

"Ba ta magana gaba nai," in ji Dijatu a hankali.

Kailu ya durƙusa, kai a ƙasa. "A hidda ni waje, don Allah. In na hita tana magana."

Tafinta ya juya maganar. Kumandan ya girgiza kai, ya ce a dokarsu shaida a gaban wanda ake tuhuma ake ba da ita, in kuwa tsohuwa ba ta da abin cewa, to maganar Magagi ta tsaya. Ya jira kaɗan, ya sa hularsa. Gardi mai tsaron kaso ya ja igiyar, Kailu ya miƙe da ƙyar ya juya zuwa ƙofa.

"Kailu ya kira."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ba wanda bai ji ba. Dijatu ta rufe fuska da gyale. Tahiru ya sunkuyar da kai kamar an mare shi.

"Sau ukku yak kira, na ji shi sarai," in ji Delu, har yanzu fuskarta ga bango. "Zanena na bisa danga. Ƙaƙa za ni hita gaban surukina haka? Ni naƙ ƙi amsawa. Ku kwance mai igiya."

Kumandan ya dubi mutane ya ga kowa yana ɓoye ido, ya tambayi tafinta abin da ya faru. Tafinta ya ce ta faɗi sunansa ne. Kumandan ya ce, to, ba sunansa ba ne? Tafinta bai san ta inda zai fara ba.

Sai tsohuwar ta juyo da kanta a hankali, da zafin da ke cikin juyawar, ta dube shi ido cikin ido. "Kailu, tada kanka. Wuta ta riga ta canye kumya, ba abin da yar rage. Gobe in za ka ja, aiki mace ta leƙa."

An zubar masa da haƙora bai yi hawaye ba, an karya masa haƙarƙari bai yi ba. Ranar kuwa ya fashe da kuka a gaban Nasara da gardi da matarsa, hannuwan a naɗe ba halin share fuska. Ya san abin da ta biya don ta fitar da shi, kuma da an ba shi zaɓi da ya ɗauki kason.

Kwana shida ta ƙara ta cika. Kailu bai iya riƙe magirbi ba, Magagi ne ya shiga ramin kabari ya yi haƙa a madadinsa. Wannan bai hana su komawa gindin gawo ba. Har suka tsufa Magagi yana cewa da tano a cike yake da wutar ba ta kai gida na uku ba, Kailu yana cewa rijiya gaba goma sha biyu ce, Hamidu yana cewa shi dai mutane ake kawo masa. Dijatu kuwa ta zauna gidan Tahiru har bayan sadakar arba'in, sannan ta dawo ɗakinta. Tana dafawa, tana ajiye masa, tana ba shi a baki tunda hannu bai warke ba, amma magana ba ta wuce ta dole. Bai san ko ta yafe ba, bai kuma da fuskar tambaya.

Bayan kaka wuta ta sake tashi, a unguwar masaƙa, da hantsi. Yatsun Kailu sun warke a ƙanƙame, sai da ya ɗaure gorar a wuyan hannu da igiya. Ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, ya sare danga, ya tsaya a ƙofar ɗakin farko. Asabari a sake. Ya buɗe baki zai yi kira, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ba komai sai iska. Wuta tana matsowa, mutane suna ihu a bayansa, shi kuwa yana tsaye.

Wata mata ta bangaje shi ta wuce, ta ɗaga asabarin ta shige cikin hayaƙin. Ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado, ta fito tana tari. Dijatu ce, da wani zane na daban a saɓe a kafaɗa, wanda ta zo da shi ko za a buƙata. Ita ma tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ranar ma ba ta kira ba.

"Ba kowa. Ja."

Ya maƙala ƙugiya ya ja, ita kuma ta wuce ɗaki na gaba.